Ki Buɗe Kwalin da Hannunki, Saudatu

Wurno, ranar Lahadi bayan la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah shi sa takardar ga ta iske ki lafiya, kin sauka lafiya, kin samu ɗaki da abokan zama na ƙwarai. Allah shi tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, shi dawo mana da ke da abin da kinka tafi nema. Amin.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, tunda jiya-jiya kinka bar shi. Na ɗaure takardar ga a jikin kwalin laftof ɗinki da za a biyo ki da shi ne don ki karanta ta kafin ki yanke salatif. Innarki ta ce in zaunar da ke in faɗa maki baki da baki, amma kin san halina. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare sun sa bakina ya saba da gyara wa mutane kuskure, bai saba da faɗin nawa ba. Biro ya fi ni ƙarfin hali.

Za ki ga kwalin a rufe kamar yadda ya fito daga shago. Kawunki ya so a biya da shi wurin masu gyara a Sakkwato su shirya maki komi, ki iske ta a kunne sai aiki. Ni na hana, har ya ji haushina. Ga dalili.

Shekarar da na aje aikin koyarwa, manoman layinmu na gabas, wato masu gonakin da ke shan ruwan rani daga reshen kanal ɗin da ke gangarowa daga dam ɗin Goronyo, sunka naɗa ni sakataren ƙungiyarsu. Sun ce tunda na yi hedimasta, babu takardar da za ta gagare ni. Ba a daɗe ba ofishin da ke raba ruwa ya kira sakatarori bita ta kwana biyu, anka ba kowace ƙungiya laftof guda, don a daina hawa babur da takardu, a riƙa aika sunayen manoma da yawan fangalansu ta imel.

Saudatu, kwana biyun nan ban gane komi ba. Mai koyarwar yana yi yana waiwayowa, yana cewa akwai mai tambaya? Ni kuwa ina da tambaya ta fi gashin kaina yawa. Amma a bencin da ke bayana akwai mutum biyu da na koya wa a, ba, ca da hannuna. Na ce a raina, yaya za a yi su ga Malam yana ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya? Sai na riƙa gyaɗa kai kamar ƙadangare. Anka gama, na rungumo kwalina na dawo gida, ko inda ake kunna ta ban tabbatar ba.

Ranar kasuwar Achida na sa ta cikin buhu don kada a gani, na kai wa wani mai gyaran waya da ake kira Nura. Mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba har yau. Na ce ya shirya mani ita. Ya kunna, ta yi mashi tambayoyi, ya amsa. Ta nemi suna, ya sa nasa. Ta nemi imel, ya sa nasa, tunda ni ba ni da shi kuma ban ce ya buɗe mani ba. Ta nemi kalmar sirri, ya sa wadda ya sani, sannan ya gyara ta yadda za ta riƙa buɗewa ba tare da ta tambaya ba. Ni ina zaune bisa benci ina cin rake. Da ya gama ya ce, "Malam, an gama, sai aiki." Na yi godiya na taho ina jin kaina mai dabara.

Wata biyu ina koyon bugawa da yatsa ɗaya, ina shigar da sunayen mutanenmu ɗaya bayan ɗaya. Rannan da safe na kunna ta, sai ta tsaya cak, ta nuna sunan Nura, ta ce in sa kalmar sirri. Na sa sunana, ta ƙi. Na sa sunan Nura, ta ƙi. Na hau babur sai Achida, na iske wani tela ne a cikin shagon. Anka ce Nura ya bi motocin albasa ya yi Kudu, lambarsa kuma ba ta shiga. Sati uku laftof ɗin nan tana cikin akwati ƙarƙashin rigunana. Duk wanda ya tambaya sai in ce ana yi mata gyara.

Malama Rifkatu ce ta fitar da ni. Kin san ta, ita ta koya maki lissafi a sakandare, amma ƙila ba ki san ta yi aiki ƙarƙashina ba lokacin da anka turo ta daga kudancin Kaduna tana sabuwar malama. Na je gidansu ranar Lahadi bayan sun taso daga coci, na yi ta kewaye-kewaye, har ta ce, "Hedimasta, me ke cikin buhun nan?" Na fito da ita na faɗi gaskiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Ai mabuɗin gidanka ka ba wani ya tafi da shi Fatakwal. Babu yadda za a yi sai an share komai an fara daga farko." Aikin wata biyu ya tafi a banza.

Da ta share, ta turo mani ita gabana, ta maida hannayenta baya ta harɗe. Ta ce, "Ba zan taɓa ba. Ka karanta abin da ta tambaya, ka amsa. Inda ba ka gane ba, ka tambaye ni da baki." Na yi gumi, na yi fushi, na ce ta yi mani kawai mana. Ta ce a'a. Kafin la'asar na shirya ta da kaina, kuma daga ranar ban sake jin tsoronta ba.

Saboda haka ki buɗe kwalinki da hannunki. Ki fara sa mata caji ta cika kafin ki kunna, kada ɗoki ya sa ta mutu maki a tsakiyar shiri. Za ta tambaye ki harshe, da ƙasa, da lokaci. Ki zaɓi Najeriya, ki duba agogon ya yi daidai da na wayarki. Suna naki za ki sa. Imel naki. In ta nemi lambar da za ta aika wa saƙo ranar da kinka manta kalmar sirri, lambarki za ki ba ta, ba ta ƙawa ba, ba ta wani mai kirki da ya tsaya taimako ba. Kalmar sirrin kuma kada ta zama sunanki ko shekarar haihuwarki. Ki haɗa abin da ke kaɗai kinka sani, ki rubuta a ɗan littafi, ki aje shi nesa da jakar laftof ɗin. Laftof ba ta gaggawa; in ba ki danna ba, za ta jira ki har gobe. Ki karanta kowane layi. In kin rasa gane wani abu, ki tambaya da ƙarfi, a gaban kowa. Wanda zai taimake ki shi tsaya gefenki shi nuna da baki, yatsunki su yi aikin. In ya ce ki ba shi ya tafi da ita ɗakinsa ya dawo maki da ita gobe, ki yi mashi godiya ki riƙe abinki.

Sai maganar intanet. Kada ki yi dariya: ni na ɗauka a cikinta yake, kamar yadda tasha take cikin rediyo. Na buɗe shafi ya ƙi zuwa, na rufe na sake buɗewa, na ɗaga ta sama, na fita da ita tsakar gida. Na koma wurin Malama Rifkatu na ce ta lalace. Ta ce, "Lafiyarta ƙalau. Gona ce ka share, ba ka ja mata ruwa ba." Ta karɓi wayata ta nuna mani inda ake kunna hotsifot, wato wayar ta riƙa ba laftof daga datarta. Sannan ta nuna mani wata 'yar alama a ƙasan fuskar laftof ɗin, ta hannun dama, kusa da agogo. Ta ce in na ga ta kamar mahuci, an haɗu. In na ga ta koma kamar ƙwallo, an rabu. Na ce na gane. Na gane ɗin kuwa, sai dai ganewa daban, kulawa daban, kamar yadda za ki ji.

Sabis a unguwarmu kin san yadda yake, yau akwai gobe babu. Inda na samu mai ƙarfi shi ne bisa kwalbatin bakin kanal, can nake zuwa da la'asar in shimfiɗa buzuna. Ranar farko na sa data, na haɗa, na ga mahuci ya fito, na tsaya gaisawa da masu dawowa daga gona. Ban aika komi ba, ban buɗe komi ba. Da na juyo, waya ta ce datata ta ƙare. Na tafi wurin mai sayar da kati na yi mashi faɗa, na ce ya cuce ni. Ashe laftof ɗin ce ta samu hanya ta shiga sabunta kanta, ta shanye komi. Sai da na koma na ba mutumin nan haƙuri, da furfurata.

To ke, ranar da za ki fara haɗa ta, ki nemi waifai, wato intanet ɗin makaranta, a ɗakin karatu ko inda anka tanada. Ki tambayi ma'aikacin wurin ainihin sunansa, don akwai masu buɗe na ƙarya da suna mai kama da na gaskiya. Ki bar ta ta yi sabuntawarta a can har ta ƙoshi. Kada ki hana ta, sabuntawar nan ita ce rigakafinta. In kuwa da wayarki za ki haɗa, akwai wurin da za ki gaya mata datar a ƙididdige take, sai ta riƙa sha da hankali. Hotsifot ɗinki ki sa mashi kalmar sirri, in ba haka ba duk ɗakin kwana za su sha daga rijiyarki. Abin da ya shafi banki ko lambar katinki na ɗan ƙasa kada ki shigar da shi bisa waifai na jama'a, kuma duk saƙon da ya zo yana cewa kin ci wani tallafi da ba ki nema ba, ki danna nan da sauri, ki bar shi inda kinka gan shi.

Wuta ma ki kula. Na taɓa jona cajata a janaretan injin casar shinkafa na maƙwabcinmu, injin ya yi wani ƙugi, caja ta yi wari ta mutu; Allah ya taimake ni ita kaɗai ta tafi. In wuta tana rawa ki zare. Kuma kada ki ɗora ta bisa katifa ko filo, ta ƙasa take numfashi.

Waɗannan duk ƙanana ne, ni kaɗai sunka cuta. Yanzu zan faɗa maki babban, wanda ya taɓa mutane, ya kuma taɓa ki.

Shekara ta biyu ce ina sakatare. Damina ta wuce, an girbe gero da dawa, irin albasa ya isa dashe a kowane lambu. Ofis ya sanar cewa kowace ƙungiya ta aiko da sunayenta kafin ranar Alhamis, da su za a tsara jadawalin sakin ruwa. Wadda ba ta aiko ba, sai an gama zagaye a waiwaye ta. Na zauna na buga komi tsaf, babu sunan da na tsallake. Ranar Laraba da hantsi Alhaji Mamman, shugaban ƙungiyarmu, ya zo gida shi da wani dattijo don su ga an aika. Maimakon in ce mu tafi kwalbati inda na san sabis, sai na ce mu zauna a zaure, don in nuna masu gwaninta cikin inuwa. Na kunna hotsifot, na ga mahuci, na aje wayar a bakin ƙofa. Muna cikin hira Innarki ta aiko a ɗauko mata wayar za ta kira Goggonki a Rabah. Na ce a kai mata, ban ko tuna ba. Na jona takardar, na danna aikawa, na ce masu, "Shi ke nan, ta isa Goronyo."

A daidai lokacin kinka shigo da kwanon fura. Shekarunki sha ɗaya. Kinka aje, kinka tsaya bayana kamar yadda kinka saba, kinka miƙa ɗan yatsa wajen kusurwar nan kinka ce, "Baba, mahucin nan ya ɓace. Ƙwallo ne a wurin."

Na ji ki sarai. Amma ga shugaba zaune, ga dattijo, ga ɗiyata ƙarama tana gyara mani a gabansu. Na doke hannunki. Na ce, "Wa yat tambaye ki? Kwamfuta abin wasan yara ce? Fice ki ba mu wuri." Kinka fita ba ki yi kuka ba. Na rufe laftof ɗin, munka sha fura.

Mutane sunka dogara da maganata. Sunka cire iri, sunka dasa, suna jiran ruwa ranar Asabar ta sama kamar yadda anka saba. Sai ga jadawali ya fito an manna a bakin babbar ƙofar ruwa: kowane layi da ranarsa, layin gabas babu. Dashe yana ƙasa, rana tana dukansa.

Anka taru a ƙofar gidana. Na rantse na aika. Na ce ga shaidu biyu, a gabansu na danna. Na ce mutanen ofis ne sunka yar da mu don ba mu da kowa a sama. Maganar nan ta yi wa mutane daɗi, don mai jin zafi yana son a nuna mashi wanda zai tsana. Kwana biyu tana yawo tana ƙara kauri. Ranar ta uku da safe anka gaya mani wasu sun ɗauki guduma za su fasa kwaɗon ƙofar ruwa su buɗe da ƙarfi. Kin san mi wannan ke nufi: ranar ruwan layin yamma ce, kuma su ma ba za su tsaya kallo ba.

Na ce su dakata in kawo hujja a rubuce, mu kai ofis mu kunyata su. Na ɗauki laftof, wadda ban sake buɗewa ba tun ranar Larabar nan, na tafi makarantarsu Malama Rifkatu don ta fitar mani da saƙon a takarda. Ta haɗa ta da wayarta, ta buɗe wurin saƙonnin da sunka tafi. Babu. Ta buɗe wurin waɗanda ke jiran tafiya. Ga shi nan zaune, shi kaɗai, kwana tara. Muna kallonsa, da yake yanzu ya samu hanya, sai ya yi ƙyaf ya ɓace.

Ta ce, "Hedimasta, yanzu ya tafi."

Na zauna bisa kujerar ɗalibai. Ba zan ɓoye maki ba, abin da ya fara zo mani shi ne babu wanda ya sani sai mu biyu. Ta dube ni, ina jin ta karanta abin a fuskata. Ta ce, "Ni ba zan faɗa wa kowa ba, ba maganata ba ce. Amma mutanenka suna bakin ƙofar ruwa da guduma."

Ban san yadda na tuƙa babur ɗin nan ba. Na iske su sun fi yadda na zata yawa, 'yan layin yamma kuma sun fara taruwa a ɗaya gefen kanal. Na hau bisa bangon ƙofar na ce a saurare ni. Na ce ofis ba su da laifi, saƙon bai bar gidana ba sai yau, ni ne ban duba ba, kuma ni na ɗora wa bayin Allah abin da ba su yi ba.

Alhaji Mamman ya matso ya ce, "Malam, mi kac ce?"

Na ce, "Nic ce laihina ne, Alhaji. Ni ɗaya."

Wani ya yi tsaki, wani ya zage ni, kuma ban ga laifinsu ba. Sai Goggo Kulu ta yi magana, tsohuwar nan da ke noma fangalan marigayi ɗanta a can ƙarshen layi don ta ciyar da jikokinta. Ta ce, "To Malam, tunda ka gano inda cuta take, sauko ka tahi neman magani. Tsayuwa bisa bango ba ta shayar da albasa." Mai guduma ya sauke gudumarsa.

Ni da Alhaji Mamman munka wuce Goronyo a ranar. Na faɗa wa jami'in abin da ya faru ba ragi, har da zargin da na yi masu. Ya daɗe yana duban jadawalinsa, sannan ya ce ba zai ƙwace ranar kowa ba, amma zai matsa ya samo mana kwana biyu nan da kwana biyar. Haka anka yi. A cikin kwana biyar ɗin nan masu injin ban-ruwa sunka taimaki na kusa da su, wasu sunka yi ta jido da jarka. Yawancin dashen ya rayu. Na ƙarshen layi, inda babu rijiya kusa, ya ƙone, kuma na Goggo Kulu ne ya fi ƙonewa. Na kwashe sauran irin da na aje don gonata ta biyu na kai mata, munka sake dasawa da ni da yayyenki. Shekarar nan rudunmu na ajiyar albasa rabi ya cika. Innarki ba ta taɓa yi mani gori ba, Allah shi saka mata.

Na kai takardar ajiye muƙami, sunka ƙi karɓa. Alhaji Mamman ya ce, "Wanda wuta tat taɓa shi aka ba ajiyar ashana." Daga ranar har yau ruwan layin gabas bai sake makara ba ta dalilina, kuma yanzu sakatarorin wasu layukan, har daga wajen Rara, gidana suke zuwa in duba masu kafin su aika. Ba alfahari nake ba. So nake ki san mutum yana faɗuwa irin wannan faɗuwar ya tashi ya iya abin.

Ga abin da na saya da tsada, ke ki karɓa kyauta. Dannawa ba ita ce isarwa ba. Duk aikin da za ki aika wa malami, ko rajistar jarrabawa, ki dubi kusurwar nan kafin ki danna. Bayan kin danna ki buɗe wurin waɗanda sunka tafi ki gan shi da idonki. In abin mai nauyi ne, ki nemi wanda kinka aika wa ya tabbatar maki ya gani. Kada ki jira ranar ƙarshe, don sabis ya fi son ɗaukewa ranar da anka fi bukatarsa. Ki aje kwafin aikinki a filashi, ki kuma aika wa kanki ta imel. In abu ya lalace, ki fara bincikar hannunki kafin ki buɗe baki a kan wani. In kuma kinka iske naki ne, ki faɗa da wuri, tun gudumar ba ta sauka ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki biro.

Na ba manoma haƙuri. Na ba jami'in ofis haƙuri. Na ba Goggo Kulu haƙuri har sau uku, sai da ta ce in ƙyale ta haka nan. Mutum ɗaya ne ban ba haƙuri ba, wadda ta ga abin tun kafin ya faru ta kuma faɗa. Daga ranar nan ba ki sake tsayawa bayana ina aiki ba. In kinka kawo abinci sai ki aje ki juya, idonki a ƙasa. Na lura, na yi kamar ban lura ba. Na ce yarinya ce, za ta manta.

Bayan shekara huɗu Malama Rifkatu ta tare ni a hanya ta ce, "Hedimasta, ka san 'yarka ce ke gaba a ɗakin kwamfuta? Har malamai ita suke kira." Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ta roƙe ni kada in faɗa maka. Ta ce ba ka son ta taɓa." Na dawo gida ban iya cin tuwo ba. Duk da haka na kasa kiranki in yi magana. Kullum sai in ce gobe, har gobe ta kawo mu ranar da kinka shiga mota.

Saudatu, ke ce da gaskiya ranar nan, ni ne da kuskure. Na doke hannun da ya zo ceton ruwan mutane, don kawai in tsare girmana a gaban baƙi biyu. Ki yafe mani.

Kuma kada abin da na yi ya bi ki can. Za ki zauna a aji da maza masu ƙarfin murya, da malamai masu manyan takardu. Wata rana za ki ga abin da ba su gani ba. Ki faɗa. Ki faɗa da ladabi, amma ki faɗa, ko an harare ki, ko an ce wa ya tambaye ki. Idonki mai kyau ne, na shaida, kuma na biya kuɗin ƙin yarda da shi da rabin albasar shekara. Ba ni da shakka a kanki ko kaɗan. Laftof ɗin nan ba za ta kai la'asar ba za ki gama da ita, abin da ya ɗauke ni wata da watanni.

In kinka zo hutu ki taho mani da abin da kinka koyo. Akwai yadda ake jera sunaye cikin gidaje-gidaje, lissafi ya riƙa haɗa kansa. Na ga wani yana yi, na yi ta gwadawa ya gagare ni. Ke nake so ki koya mani. Zan tara 'yan ƙungiya a zaure, in zauna cikinsu, ke ki tsaya gaba.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci, kada karatu shi hana ki kiran Innarki. Ita da yayyenki da ƙannenki duk suna gaishe ki. Goggo Kulu ta ce a gaya maki ta sa maki albarka, Malama Rifkatu kuma ta ce tana sa ki cikin addu'a.

Allah shi tsare gabanki da bayanki, shi kare ki daga mugun aboki da mugun ji da mugun gani. Allah shi buɗa maki ƙirji, shi sa ilimin ya amfane ki ya amfani mutane. Yadda kinka fita gidan ga lafiya, Allah shi maido ki cikinsa lafiya. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki, mai yi maki addu'a kullum.